A ba su sukudireba kafin a ba su takarda

Wata Asabar cikin hunturu, ɗiyar yayata ta shigo shagona da ke kusa da babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, riƙe da ambulan ruwan ƙasa. Tun daga bakin ƙofa na ga fara'arta. Ta gaishe ni, ta zaro takarda mai hatimi biyu da hotonta a gefe, ta ce, "Kawu, na gama. Yanzu ni ma na zama ma'aikaciyar kwamfuta." Wata uku ta yi tana zuwa wani horo na kyauta da wata ƙungiya ta shirya wa matasa. An ce za a koya musu gyaran kwamfuta da yadda ake agaza wa ma'aikatan ofis idan na'ura ta ƙi. Na ji daɗi har cikin raina, na sa mata albarka, na aiki yaro ya sayo mana lemo mai sanyi.

Muna zaune sai ga wani malamin makaranta da laftof a hammata. Ya ce intanet na shiga, amma duk shafin da ya buɗe sai ya fito masa da gargaɗi, ya ƙi wucewa. Na tura na'urar gabanta na ce, "Bismillah, ga aikinki na farko." Ta duba, ta sake dubawa, ta kashe ta kunna. Can ta ce wataƙila bairos ne, a goge komai a zuba sabon Windows. Malam ya zabura, domin makin ɗalibansa na zango biyu duk yana ciki, ba shi da kwafi a ko'ina. Na nuna mata kusurwar allo ta ƙasa, inda agogo yake. Na'urar ta koma shekarun baya. Babban batirinta ya daɗe da mutuwa, sannan ɗan ƙaramin na ciki, mai kama da kwabo, wanda ke riƙe kwanan wata idan an kashe ta, shi ma ya bi sahu. Shafukan intanet kuwa ba sa yarda da na'urar da agogonta ya ɓace, saboda takardun tsaronsu da kwanan wata suke aiki. Na miƙa mata sukudireba na ce ta kwance bayan. Hannunta ya hau rawa. Ta ɗago ido ya ciko da ƙwalla, ta ce, "Kawu, wallahi ba mu taɓa buɗe ko ɗaya ba. A allo ake nuna mana."

Su arba'in ne a ajin, kwamfuta shida, kuma an hana su taɓa cikinta kada ta lalace. Yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa. Ta haddace sunan kowane sashe na na'ura da Faransanci, ta cika littafi biyu da rubutu mai tsabta. Abin da aka hana ta shi ne abin da ta je nema.

Ina goyon bayan horo na kyauta, ina ma so a ninka shi sau goma a jihohin arewa uku. Ƙorafina a kan irin horon ne. Wannan aiki sana'ar hannu ce, 'yar uwar kanikanci da ɗinki da gyaran rediyo, amma ana koyar da ita kamar darasin tarihi. Ba a taɓa yin telan da ya koyi yanka shadda ta kallon hoton almakashi ba.

Buƙatar kuwa ba ta ɓuya. Duk wanda ya nemi fasfo tun daga 2021 ya san sai ya fara cike bayanansa a intanet, ya biya sefa 110,000, kafin a ba shi ranar zuwa ɗaukar hoto. Katin ɗan ƙasa ma ya bi wannan hanya. Rajistar konkur, wato jarabawar shiga manyan makarantu ko aikin gwamnati, bayanin haraji, kuɗin makarantar sakandare da ake biya ta waya, duk sun koma kan allo. Muna da jami'a a Ngaundere tun 1993, a Marwa tun 2008, ga ta Garwa da aka kafa a 2022. A 2016 gwamnati ta sanar da raba laftof 500,000 ga ɗaliban jami'o'i, da bashin sefa biliyan 75 daga ƙasar Sin, aka fara rabon a ƙarshen 2017. Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako jihar Arewa Mai Nisa, ƙungiyoyin agaji suka cika Marwa da Mokolo da Mora da Kusiri, kowace da ofis da firinta da tarin na'urorin hannu da ake rajistar mutane da su, har cikin sansanin 'yan gudun hijira na Minawao. Ga asibitoci, ga kantunan magani, ga ofisoshin magajin gari, ga kamfanin auduga na Sodecoton da hedikwatarsa ke nan Garwa. Kowace na'ura a cikin waɗannan, wata rana za ta ƙi tashi.

Idan ta ƙi, kuma matsalar ta ɗan yi zurfi, sau da yawa daga Yawunde ko Duwala ake kiran mutum. Ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya hau bas kusan kilomita 280 zuwa Garwa, in Marwa ce ya ƙara wasu 200 da 'yan kai. A biya masa kuɗin hanya da masauki. Na taɓa tsayawa kusa da irin wannan baƙo a wani ofis, bayan ma'aikata sun yi kwana huɗu suna jiransa hannu rabbana. Abin da ya yi bai wuce canza kan waya ɗaya da ya kwance ba. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a bakin ƙofar ofishin akwai samari uku masu takardar bakaloriya, ta gama sakandare, suna jiran fasinja a kan moto.

Wanda bai zauna a teburin gyara ba yana ɗauka aikin nan na masu lissafi ne. Rabinsa yaƙi ne da ƙasar da muke ciki. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40. Laftof da aka ƙera don ofis mai sanyi a Turai, ka kawo shi nan, ka ɗora a kan katifa, ka bar shi ya sha ƙurar hunturu biyu. In ka buɗe shi za ka tarar da ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, iska ba ta fita. Man da ke tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama gari. Na'urar tana aiki minti goma ta mutu da kanta don kada ta ƙone. Mai ita ya ce aljanu ne, ko bairos, ko ta ƙare. Gyaran na buroshi ne da ɗan ɗigon sabon mai, amma sai hannu ya san inda zai danna robar ta buɗe ba tare da ta karye ba, ya san siririyar wayar allo ba a jan ta da ƙarfi, ya san a cire batir kafin a taɓa komai. Hannu ba ya sanin wannan sai ya karya biyu ko uku.

Sai wuta. Layin arewa daban yake da na kudu, kuma uwarsa ita ce madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda 'yan uwanmu na Najeriya suka fi sani da sakin ruwa. An gama ta a 1982, ƙarfinta megawat 72 ne idan ruwa ya cika. Idan ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin sola da aka kafa a Marwa da Gider sun rage raɗaɗi, amma duk mai shago ya san delestaj, wato ɗauke wuta, bai ƙare ba. Abin da ya fi kashe na'ura shi ne dawowar wutar, lokacin da ta shigo da ƙarfi ta buga caja ko akwatin wutar kwamfuta. Yaron da ya ƙware a nan dole ya san amfani da mita, ya gane caja ce ta mutu ko ramin caja, ya iya ba mai ofis shawara a kan regilater mai daidaita ƙarfin wuta da ondile mai riƙe na'ura na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, ya san girman batir da faifan sola da zai riƙe kwamfuta biyu da firinta har a tashi aiki. Kwas ɗin da aka rubuta a Amurka ba zai tsaya a kan wannan ba, don can ba matsalarsu ba ce.

Akwai ma ƙananan abubuwa da sai ɗan gari. Na'urorin da ke shigo mana daga Faransa da Beljiyam madanninsu AZERTY ne, waɗanda ke zuwa ta Najeriya ko Dubai QWERTY ne. Sau nawa aka kawo mini kwamfuta an ce an sace kalmar sirri, alhali harshen madanni ne ya juya, mutum yana danna A tana rubuta Q, yana danna lamba tana fito da wasali mai alama a kai. Ko kile, wanda 'yan Najeriya ke cewa filas, da ya zaga shagunan buga takardu biyar ya kwaso bairos ɗin nan mai ɓoye fayil ya bar hotonsu kawai. Ɗalibi ya zo yana kuka, kundin digirinsa ya ɓace. Bai ɓace ba, an lulluɓe shi ne, minti biyar ya isa a fito da shi. Amma wanda bai taɓa gani ba zai ce a wanke kilen, ya hallaka aikin shekara guda.

Ɗaya rabin aikin kuwa mutane ne, kuma shi aka fi mantawa. Sakatariyar wani ƙaramin asibiti ta kira ni wata rana, abin da ta ce kawai shi ne, "Ba ta aiki." Na je na tarar da ita tsaye, maigidanta na tsaye a kanta, marasa lafiya na jiran takardunsu. Na san in na tambaye ta abin da ta taɓa a gabansa, za ta ce ba ta taɓa komai ba, don tsoron a cire mata a albashi. Na roƙi likita ya ba mu wuri. Na ja kujera na ce, "Madam, ki zauna. Wannan yana faruwa da kowa. Me kika gani na ƙarshe kafin ta tsaya?" Sai ta ce mai shara ya matsar da tebur da safe. Wayar firinta ce ta zare rabi. Da na shiga ina nuna sani, da na ɓata awa biyu ina neman abin da babu. Ka lura kuma da harsunan da suka haɗu a wannan ɗaki: da Faransanci na yi magana da ita, da Fulatanci na gaisa da likita, saƙon da ke kan allo da Turanci yake, mai kantin da zan sayi sabuwar waya a wurinsa kuma Hausa za mu yi. Yaranmu da suka tashi a Hausare ko Yelwa ko Fulbere suna da uku daga cikin huɗun nan tun suna wasan ƙasa. Jari ne babba da ba a lissafa musu. Abin da ya rage a ƙara musu shi ne Turancin karanta saƙon na'ura da neman amsa a intanet, wanda bai kai wahalar Turancin jarabawa ba.

Yanzu maganar kalmar kyauta. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da na zauna da yayata muka yi lissafi, sefa 200 zuwa, 200 dawowa a kan moto, kwana biyar a mako, wata uku, ya kama sefa 26,000. Ba a sa abinci ba, ba a sa data ba, ba a sa hotuna da kwafin takardun dosiye, wato fayil ɗin neman shiga, ba. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi a kamfanoni, bayan ƙarin 2023, yake sefa 60,000 a wata, kuma galibin mutanenmu ba sa ma cikin lissafin albashi, wannan kuɗi ne mai nauyi. Yarinyar ta samu ta gama don tana da uwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Saurayin da ke tuƙa moton wani, wanda dole ya kai balas kowace yamma, idan ya zauna a aji daga safe zuwa azahar, wa zai biya masa? Yakan zo mako biyu ya ɓace, sai a rubuta a rahoto cewa matasa ba su da naci.

Haka abin yake da darussan intanet, waɗanda nake girmamawa kuma ni kaina na amfana da su. Cisco na da makarantarta ta Networking Academy tun 1997, kuma kwas ɗinta na matakin farko a kan gyaran kwamfuta akwai shi da Faransanci. Google ya fito da nasa a 2018 a dandalin Coursera, inda mutum kan iya neman a yafe masa kuɗi. Orange ta buɗe cibiyar horo ta kyauta a Duwala a 2021. Alheri ne duka. Sai dai bidiyo na cin data, data na cin kuɗi, kuma ba a koyon cire RAM, ɗan farantin ajiyar wucin gadi da ke cikin kwamfuta, a kan wayar hannu. Takardar CompTIA A+ da manyan ma'aikatu ke ganin girmanta, jarabawa biyu ce, kowace ta haura dalar Amurka 200. Haɗa su ka juya zuwa sefa, sun wuce albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci. In aka bar abin haka, wanda zai ci moriyar kyautar shi ne ɗan gidan da dama akwai laftof da sola da wifi. Ba na baƙin ciki da shi, Allah ya ƙara masa. Amma ba dominsa aka ce an kawo shirin ba.

Na yi ta tunanin abin da ya sa masu shirya horo, waɗanda da yawansu na san mutanen kirki ne, suke maimaita wannan kuskure. Ina ganin daga abin da ake ƙirgawa ne. Mai ba da kuɗi yana tambayar mutum nawa aka horar. Ba ya tambayar mutum nawa ke cin abinci da sana'ar bayan shekara guda. In kai ake ƙirgawa, aji mai arba'in ya fi tebur mai biyar. Kuɗi sai ya tafi hayar zaure, da allon talla, da riguna masu tambari, da perdiyem, wato alawus, na manyan baƙi ranar rufewa. Na halarci irin wannan biki, na ga iyaye mata suna guɗa da zuciya ɗaya, na kuma san abin da ke jiran 'ya'yansu ranar Litinin. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yaron da aka ba takarda ya je ya kasa, ba ya cewa horon ne bai isa ba. Cewa yake shi ne bai iya ba, ya haƙura da fannin gaba ɗaya.

Abin da nake kira a yi ba baƙo ba ne a wurinmu. Haka kakanninmu suka koyar da dukanci da ƙira da rini: a kai yaro wurin mai sana'a. A yi aji na mako huɗu ko shida, a koyi tushe, domin tushen yana da amfani kuma mu masu shago ba mu iya koyar da shi a tsare ba. Daga nan a rarraba ɗalibai bibbiyu ko uku-uku a shagunan gyara, da sashen kwamfuta na asibitoci da makarantu da ƙungiyoyi, na wata shida. Kuɗin da za a kashe a biki a mai da shi kuɗin moto da abincin rana na ɗalibi, a riƙa tura masa ta waya duk mako gwargwadon zuwansa. A sallame shi da jakar kayan aiki: sukudirebobi, mita, abin matse kan wayar sadarwa da na gwada ta, kile biyu, buroshi. Duka ba su kai kuɗin waya mai kyau ɗaya ba, kuma da su zai iya fara karɓar aiki washegari.

Na'urorin koyo ma ba sai an sayo sababbi ba. Babu ofishin da na shiga a garin nan da ban ga ɗakin ajiya cike da matattun kwamfutoci ba, an jibge su ƙura na ci. Ga gine-ginen telesanta, wato cibiyoyin kwamfuta da intanet na jama'a, da gwamnati ta yi a ƙananan garuruwa, da yawansu a rufe, kuma cikin dalilan rufewar akwai rashin mai gyara a kusa. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba, don haka za a ƙara zubar da wasu, nan gida da kuma can inda gwanjo ke fitowa. A goge bayanan da ke ciki, a miƙa su ga masu koyo. Su kwance, su karya, su haɗa uku su fitar da ɗaya mai rai, su sa mata faifan SSD mai saurin aiki, su zuba mata Linux, manhajar kyauta da ke maye gurbin Windows, a kai ta makarantar firamare ta unguwa. Mataccen inji shi ne malami mafi haƙuri, ba ya fushi in ka yi kuskure.

Ƙofar doka ma a buɗe take. Asusun samar da aiki na ƙasa, FNE, wanda aka kafa a 1990, yana da tsarin da yake raba alawus ɗin matashi mai takarda tsakaninsa da kamfanin da ya ɗauke shi gwaji. Me zai hana a sauko da irinsa zuwa shago mai tebur uku? Dokar koyon sana'a ta 2018 ta amince a auna abin da mutum ya iya ta hanyar aiki a ba shi shaida a kai. Akwai masu gyaran waya a kasuwannin Garwa da Marwa da suke ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba a kan farantin cikin waya, ba su da ko takarda ɗaya. A kawo musu wannan jarabawa kusa, a gwada su a kan tebur da na'ura a gabansu.

Na san abin da za a ce mini, kuma gaskiya ne. Za a ce iyayen gida na cin gumin yara. Ni ma na ɗanɗana. Shekara biyu na yi a wurin wanda ya koya mini, shekarar farko shara da aike da ɗauko abinci kawai na sani. Idan aiki mai wuya ya zo, sai ya aike ni sayen abin da ba a buƙata, kafin in dawo ya rufe na'urar. Tsoro yake ji kada in iya in buɗe nawa a gefensa. Na yafe masa, Allah ya jiƙansa, domin shi ma haka aka yi masa. Amma ba zan ce a mai da yaran yau cikin wannan ba tare da kariya ba. Dole a rubuta yarjejeniya: ga abubuwan da za a koya, ga ranar gamawa. Wani daga waje ya zo duk wata ya ajiye na'ura a gaban ɗalibi ya ce gyara. Mai shago a biya shi ladan koyarwa, rabi a farko, rabi sai ɗalibinsa ya ci gwajin. Wanda aka kama yana mai da ɗan mutane ɗan aike, a cire shi daga tsarin. Takarda kuma ban ce a yar da ita ba. Ƙungiya ko banki ba za su kira ka ganawa ba sai sun ga wani abu a dosiye. A ba da ita a ƙarshe, bayan hannu ya tabbatar.

Sai amana, wadda ban taɓa ganin ta a jadawalin wani horo ba. Mai gyara yana ganin abin da miji bai gani ba, abin da uba bai gani ba: hotuna, saƙonni, lissafin kasuwa, sakamakon asibiti, lambar sirrin Orange Money da MoMo da mutane ke ajiyewa a waya. Ƙasar nan na da dokar laifukan intanet tun 2010, ga ta kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a ƙarshen 2024, ya kamata ɗalibi ya san su. Amma kafin doka akwai tarbiyya, ita kuwa a gefen babba ake ɗaukar ta. Yaro ya ga maigidansa ya kwashe fayilolin mutum ba tare da ya buɗe ko ɗaya ba, ya ga ya mai da tsohon faifai ga mai shi, ya ga ya ce wa Alhaji gyaran na sefa 2,000 ne alhali da ya ce 20,000 zai biya. A nan ne ma nake ganin babbar dama ga 'yan mata. Akwai matan aure da 'yan kasuwa mata da yawa da ba za su taɓa miƙa wayarsu ko laftof ɗinsu ga saurayi a kasuwa ba, sun gwammace ta lalace. Akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga ya ja waya. Mace mai gyara tana da kasuwar da ba wanda zai ƙwace mata. Sai dai iyaye ba za su saki 'yarsu ta wuni a shagon da ba su sani ba, kuma suna da hujja. A fara da sanya su a asibitoci da makarantu da ofisoshin da akwai mata, a sallame su kafin magariba, a je a gaida iyayen a yi musu bayani.

Kada kuma a yi wa yara alƙawarin da ba za a cika ba. Na ji ana ce musu da wannan takarda za su zauna a ɗaki su yi wa kamfanin Turai aiki ana biyan su da yuro. Akwai wanda zai kai can, bayan shekaru, in ya samu wuta da intanet da ba sa yankewa. Galibinsu abin da ke gabansu shi ne kwangilar kula da kwamfutocin makarantu biyu da kantin magani ɗaya a wata, da ɗaura kyamarar tsaro, da jan wifi a otal, da ɗan teburin buga takardu da cike wa mutane fom. Abinci ne na halal, yana riƙe gida, yana kuma girma in mutum ya riƙe gaskiya. Kusiri ma gada ce kawai tsakaninta da Njamena, kuma wanda ya iya aikinsa ba ya rasa mai kira a tsallake.

Ɗiyar yayata ta zauna a shagon tun daga wannan Asabar. Makonni biyun farko matattun na'urori na tara mata a kwali, na ce ta kwance ta mayar har sai babu ƙusar da ta rage a tebur. Ta karya madanni ɗaya da robar allo biyu. Kwanakin baya muka je wata makaranta jan wayar sadarwa zuwa ɗakin kwamfutarsu. Siraran wayoyi takwas ne a cikin kowace, kowace da launinta da gurbinta, in ɗaya ta kauce babu abin da zai wuce. Ta ɓata kan waya bakwai, ina tsaye ban ce uffan ba. A na takwas ta soka a na'urar gwaji, fitilun suka bi layi daga ɗaya har takwas. Shugaban makarantar ya karɓi lambarta, ya ce in wani abu ya taso ita zai kira.

Shekaranjiya ta zo da biyu daga cikin 'yan ajinsu, namiji da mace, kowa da irin ambulan nan ruwan ƙasa. Suka durƙusa suka gaishe ni, namijin ya ce, "Baba, mu ma a taimaka a ɗauke mu, ko ba biya." Tebur uku gare ni, duk da mutum a kai, kuma macen daga Jambutu take zuwa, kuɗin motonta kaɗai ya fi ƙarfin abin da zan iya ɗauka yanzu. Na rubuta sunayensu a bayan littafin shago, na kira abokan sana'a biyu, ɗaya ya ce zai duba bayan salla. Sauran talatin da bakwai ban san inda suke ba.